Lambun tsakuwa, na tafki ko na inuwa: wane salon Japan ne zai rayu a ƙasa mai zafi?

Yawancin masu sha'awar lambu irin na Japan da hoto suke farawa: jan ganyen momiji, wata bishiyar Japan da ganyenta ke ja kafin ya zube, ya sunkuyo kan ruwa, gansakuka ta lulluɓe ƙasa kore shar, kifaye masu launi suna kai-kawo a ƙarƙashin gada. Sai a kira mai sayar da fulawa a nuna masa waya, a ce irin wannan ake so. Kafin rani ɗaya ya wuce rabin abin da aka dasa ya ƙone, a ɗora wa zafi laifi. Amma ba zafi ne babban bambancin ba. Kyoto, birnin da ya fi ko'ina shahararrun lambuna a Japan, yakan yi zafin digiri 33 zuwa 35 a watan Agusta, ga gumi. Abu biyu ne Kyoto take da su waɗanda Kano ko Yamai ba su da su. Na farko sanyi na gaske, wanda ke sauka kusa da digiri sifili a daren Janairu, shi ne ke sa itatuwa irin su momiji da sakura, bishiyar furen nan da Japan ta shahara da ita, su huta su sake tofowa. Na biyu ruwan sama kusan milimita 1,500 a shekara, wanda ya bazu cikin dukkan watanni, babu watan da ƙasa ke bushewa ƙayau. Ruwan Kano bai kai milimita dubu ba a yawancin shekaru, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Na Yamai bai cika 600 ba. Abuja, Kaduna da Jos sun kusa kamo Kyoto a jimilla, sai dai su ma suna shafe wata biyar sama ba ta ɗiga ba.

Saboda haka kafin a zaɓi salo, a fara auna abu uku a gidan: ruwa nawa za a iya bayarwa kullum a watan Afrilu, awa nawa rana ke dukan filin, da kuma wa zai riƙa sharewa da datsewa. Salo uku ne ake zaɓa a tsakaninsu. Akwai busasshen lambu na duwatsu da tsakuwa, wanda Japanawa ke kira karesansui. Akwai lambu mai tafki, wanda ake zagayawa a ƙafa. Sai kuma ƙaramin lambun inuwa, ko dai na lungun gida, tsuboniwa, ko na hanyar shiga ɗakin shayi, roji.

Lambun tsakuwa

Wanda duniya ta fi sani shi ne na Ryoan-ji a Kyoto: fili mai kimanin mita 25 a tsawo da 10 a faɗi, duwatsu 15 a rukuni biyar, tsakuwa da aka ja wa layi da manjagara, babu bishiya ko ɗaya a ciki. Ba a taka shi, daga baranda ake kallo. A kan takarda shi ne ya fi dacewa da ƙasa mai ƙarancin ruwa, kuma haka ne, amma yana da nasa sharuɗɗan da ba a faɗa a hoto.

Launin tsakuwa ne farko. Farar tsakuwa a ƙarƙashin ranar Maris tana kashe ido, tana mayar da haske cikin ɗaki, ba mai iya zama ya kalle ta daga hantsi zuwa la'asar. Ga ƙurar hunturu da ke mayar da ita ruwan ƙasa cikin mako biyu, sai ta yi kama da abin da aka yi watsi da shi. Baƙa ƙirin kuma tana shan zafi ta riƙe har dare. Abin da ya fi shi ne tsakuwa mai launin toka da ake samu a wuraren fasa dutse, ko mai ɗan ja-ja wadda launinta bai yi nisa da na ƙurar yankin ba. Girman ƙwayar ya kasance milimita 6 zuwa 10, kuma mai kaifin gefe, domin ita ce ke riƙe layin manjagara. Tsakuwar rafi mai sulɓi tana gangarawa ta cike layin. Yashi kuwa kada ma a fara: iska ta kwashe shi, ruwan farko na damina ya shafe zanen, kuliyoyin unguwa su mayar da shi makewayi.

Lissafin ba shi da wuya. Kaurin santimita 6 a fili mai murabba'in mita 20 yana cin tsakuwa kubik mita 1.2, wato kusan tan 2. In kaurin bai kai santimita 5 ba, haƙoran manjagara za su riƙa tono ƙasa su haɗa ta da tsakuwa. Kafin a zuba, a wanke ta ko a tankaɗe, domin yadda ake kawo ta a tifa cike take da garin dutse, wanda in ya jiƙe yakan daskare kamar siminti.

Aikin da ke ƙarƙashi ya fi na sama muhimmanci. A kankare ƙasar sama santimita 15, a tone saiwoyin aya-aya da kiri-kiri har 'ya'yansu, a ba filin gangara ta santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa inda magudana take. A zuba burji ko manyan tsakuwa santimita 8 zuwa 10 a daddaɓe, a shimfiɗa yadin hana ciyawa irin wanda ruwa ke ratsawa, sannan tsakuwar ado. Mutane da yawa suna shimfiɗa leda don ta fi araha. Leda tana tare ruwa, filin ya zama kududdufi a Agusta, bayan shekara biyu kuma ta ruɓe ta riƙa leƙowa gutsure-gutsure. A duba indararo ma: ruwan kwano da ke zubowa kai tsaye yana haƙa rami a tsakuwa. Japanawa suna jera 'yar kwata ta manyan duwatsun rafi daidai inda ruwan rufi ke ɗiga, faɗin santimita 30 zuwa 40, kuma wannan dabara ta fi amfani a nan fiye da can, ganin irin ruwan da ke sauka cikin awa ɗaya.

Duwatsu su ne abin da arewa ba ta rasa ba. Dutsen da ke kewayen Jos, Zariya, Dutse da Abuja, wanda iska da ruwa suka goge shekaru aru-aru, ya fi duk wanda za a fasa da nakiya, domin sabon fashi yana da farin tabo da kaifin da ba ya ɓoyuwa. A ɗauko iri ɗaya daga wuri ɗaya. A binne sulusi zuwa rabin kowane dutse, ta yadda mafi faɗinsa zai zo daidai da fuskar ƙasa. Dutsen da aka ajiye a sama kawai kowa zai gane kawo shi aka yi. A jera su uku, biyar ko bakwai, ba a layi ba, babba ɗaya, sauran suna karkata gare shi. Dutse mai tsawo, faɗi da kauri na santimita 60 yana iya haura kilo 300, don haka a tanadi ƙarfe uku da sarƙar ɗagawa, kuma a shigar da duwatsu kafin a rufe katanga ko a sa ƙofa.

Katangar ma wani ɓangare ce ta lambun. Ta Ryoan-ji ta yumɓu ce da aka cakuɗa da mai, shekaru suka ba ta launi. Katangar ƙasa da aka yi wa yaɓe da makuba tana ba da wannan natsuwar fiye da bulo mai fenti mai sheƙi. In bulon ne ke akwai, a yi masa yaɓe mai kaushi da launin ƙasa.

Ruwan da wannan lambu ke sha kaɗan ne, amma aikin hannu ba kaɗan ba ne. In akwai darbejiya ko mangwaro a kusa, ganye zai riƙa zuba kullum, kuma tsintsiya ba ta share tsakuwa ba tare da ta ɓata layi ba, sai an tsince sannan a sake ja. Fili mai murabba'in mita 20 yana buƙatar kimanin rabin awa sau biyu a mako, a ƙara wanke ƙura da tiyo sau ɗaya ko biyu bayan hunturu. Gidan da yara ke buga ƙwallo a tsakar gida, ko kaji da awaki ke yawo, ba gidan karesansui ba ne sai an killace.

Lambu mai tafki

Wannan ne ke ɗaukar ido, shi ne kuma ke cin kuɗi har bayan an gama gini. A ɗauki tafki matsakaici, mita 3 da mita 2, zurfin mita 1.2. Ruwansa lita 7,200 ne. Zurfin nan ba ado ba ne: tafkin da bai kai mita ɗaya ba yana ɗumama da rana har ya haura digiri 32, kuma zalɓe yana tsayawa a ciki ya kwashe kifi. Koi, kifin ado mai launi da ake sawa a irin wannan tafki, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 25. Yana jure fiye da haka, sai dai ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai: a digiri 20 lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa kusan 7.5, alhali a lokacin ne jikin kifin ya fi buƙatarta. Iskar ta fi yin ƙasa gab da asuba, bayan tsirran cikin ruwa sun kwana suna shanta. In aka ɗauke wuta da dare a watan Afrilu famfo ya tsaya, da safe manyan kifayen ne za a fara tararwa sun juya ciki sama.

Don haka duk mai son koi, lissafin wuta zai fara yi kafin na kifi. Famfon ya juya dukkan ruwan ta cikin matata cikin awa ɗaya zuwa biyu, dare da rana. Na lita 5,000 a awa, irin mai tsimin wuta, yana cin kamar wat 50, wato kilowat-awa 1.2 a yini, ban da ƙaramin injin hura iska. Sola da batir ba zaɓi ba ne a nan, dole ne. Matatar kanta gida ce ta ƙwayoyin halitta masu narkar da kashin kifi. Suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su kafu, kuma in ruwa ya daina ratsa su na awoyi da yawa sukan mutu. Shi ya sa ba a zuba kifi duka a rana ɗaya, kuma ba a wanke soson matata da ruwan famfo mai sinadarin kulorin, da ruwan tafkin ake ɗauraye shi. Ƙa'ida mai sauƙi: babban koi ɗaya ga kowace lita dubu. Tafkin da aka ambata shida ko bakwai zai ɗauka, ba talatin ba.

Sai ruwan da rana ke sha. A bazarar yankin Kano zuwa Yamai buɗaɗɗen ruwa yana iya raguwa da milimita 7 zuwa 10 a yini. Milimita ɗaya a murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, wato tafkin nan yana rasa kusan jarka biyu kullum, in an sa masa 'yar magangara ruwa na fantsama ya fi haka. A ƙara canjin kashi goma cikin ɗari a mako, lita 700 da ɗoriya. Mai rijiyar burtsatse ba zai ji ba. Wanda 'yan garuwa ke kawo wa ruwa ya yi wa kansa hisabi.

Wajen gini, siminti da leda mai kauri ta tafki kowanne da cikas ɗinsa. Siminti yana tsagewa a ƙasar laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani, sai an sa rodi da kauri aƙalla santimita 15. Sabon siminti kuma yana sakin sinadarin da ke ƙona jikin kifi, don haka a cika a bar shi kwanaki a zubar, sau uku ko huɗu cikin wata guda. Leda ba ta tsagewa, amma duk gefen da rana ke gani yana ƙonewa ya kakkarye, sai an rufe shi da dutse, a kuma shimfiɗa yashi santimita 5 a ƙarƙashinta saboda tsakuwa da saiwa. Kowanne aka zaɓa, bakin tafkin ya ɗara ƙasar kewaye da santimita 10 domin kada ruwan damina ya kwaso laka da taki ya zuba, a kuma sa bututun ambaliya.

Ruwa ya koma kore cikin mako biyu shi ne kukan da aka fi ji. Dalilin rana ce da abinci: hasken awa goma a kan ruwan da kifi ke yi wa taki. Maganinsa inuwa a kan rabin tafkin daga azahar, rage abinci zuwa abin da za su cinye cikin minti biyar, da kuma bado a cikin tukwane har ganyensa ya rufe sulusin fuskar ruwa. Badon fadamunmu ya wadatar, sai dai koi yana tone shi, a rufe bakin tukunyar da duwatsu. Kada a kawo kainuwa ko kacalla. Wanda ya ga yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Hadeja da Nguru ba zai sa ta a gidansa ba.

Tafki mai kifi da ruwa mai motsi ba ya tara sauro sosai, kifin na cinye 'ya'yan. Haɗarin yana zuwa ranar da famfo ya lalace aka yi sakaci. Kwaɗi za su zo, macizai su biyo su. Gidan da ke da yara ƙanana kuwa, zurfin mita 1.2 magana ce da ba ta buƙatar dogon bayani.

Hukuncin dai shi ne: tafki na mai ruwan kansa ne da wutar kansa, kuma ya fi sauƙi a Jos da Mambila, inda sanyin dare ke taimaka wa kifin, fiye da Sakkwato ko Maiduguri. Wanda ke son siffar ruwa ba tare da wahalarsa ba, ya yi busasshen rafi: a haƙa kwari mai lanƙwasa, a jera duwatsun rafi masu faɗi suna hawa kan juna duk fuska ɗaya, a ɗora falalen dutse a matsayin gada. Da damina sai ya zama magudanar gidan ta gaske.

Lambun inuwa

Tsuboniwa ya shahara ne a gidajen 'yan kasuwar Kyoto masu tsawo da ƙunci, inda ake barin ɗan fili a tsakiya domin haske da iska. Wasu ba su wuce murabba'in mita 3 zuwa 6 ba. Roji kuwa hanya ce ta duwatsun takawa zuwa ɗakin shayi, da kwanon dutse na wanke hannu, tsukubai, da fitilar dutse. A ƙasa mai zafi wannan salo ne ya fi ba da riba a kan abin da aka kashe, domin katangu huɗu suna tare iskar hunturu, suna rage awoyin rana, kuma ƙaramin fili ana iya shayar da shi da bokiti biyu.

A nemi lungun da rana ba ta wuce awa uku zuwa huɗu a cikinsa, ta safe in da hali. A lura cewa a yankinmu rana tana komawa arewa da tsakiyar sama daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa Agusta, don haka lungun da ke arewacin gini, wanda ke cikin inuwa a Disamba, yana iya shan rana a Mayu da Yuni. Littattafan ƙasashen sanyi ba sa kawo wannan, domin can rana ba ta taɓa tsallakawa. A duba wurin a lokuta biyu na shekara kafin a sayi shuka, ko a tanadi rumfar gora mai tsaga-tsaga.

Duwatsun takawa su zama masu faɗin santimita 30 zuwa 40, daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar na gaba santimita 50 zuwa 55, su ɗago daga ƙasa santimita 3 zuwa 6. A zauna da su a kan yashi da aka daddaɓe, a taka kowanne a ji ba ya motsi. Mai sulɓi yana kayar da mutum da damina.

Kwanon ruwa shi ne tarkon. Sauro yana kammala rayuwarsa daga ƙwai zuwa mai tashi cikin kwana bakwai zuwa goma a yanayin zafi, kuma irin wanda ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi yana manna ƙwansa a jikin mazubi, ƙwan ya jure bushewa. Zubar da ruwa kawai bai isa ba, sai an goge cikin da burushi duk kwana uku ko huɗu. Hanya ta biyu ita ce a binne bokiti mai murfin raga a ƙarƙashin tsakuwa, ƙaramin famfo ya riƙa ɗaga ruwan ta cikin gora ya zubo cikin kwanon ya malala ya koma. Gorar kuma, da duk shingen gora, abincin gara ne da ƙwaron da ke mayar da ita gari. A sare ta da rani bayan ta shekara uku, a jiƙa ta cikin ruwan sinadarin boraks, kada gindinta ya taɓa ƙasa, a ɗora shi kan dutse ko ƙarfe. Ko da haka a sa ran canzawa bayan 'yan shekaru. A Japan ma canzawa ake yi.

Gumaka ba sharaɗi ba ne a ko ɗaya daga cikin salon nan uku. Yawancin lambunan gidaje a Japan ba su da su, kuma jar ƙofar nan ta torii da ake gani a hotuna alamar wurin bauta ce ta addinin Shinto, ba kayan lambu ba.

Abin da za a dasa a madadin me

Momiji, sakura da yawancin azaliya na Japan a haƙura da su. Ba taki ko ban-ruwa ne suka rasa ba, sanyi ne. Abin da ake kwaikwayo shi ne siffa: ganye ƙanana, reshe mai shimfiɗa hawa-hawa, dunƙulallun shuke-shuke da aka datse kamar duwatsu, kore iri-iri da fure kaɗan.

A gurbin dunƙulen azaliya, gajeriyar Ixora ce aka fi sawa, amma tana son ƙasa mai ɗan tsami. Kusa da sabon siminti ko da ruwan rijiya mai gishiri-gishiri ganyenta yakan yi rawaya jijiyoyin su rage kore, alamar ta kasa shan sinadarin ƙarfe. Murraya ta fi ta haƙuri, tana karɓar almakashi, furenta fari mai ƙamshi. Duranta mai ruwan ɗorawa da ta cika gidajen Abuja tana da saurin girma, sai dai launinta yana da ƙara, kuma sai an datse ta duk mako biyu da damina. A gurbin itacen matsu mai ganye kamar allura, akwai Podocarpus a wurare masu laima, shi ma ɗan gida ne a lambunan kudancin Japan. Akwai Casuarina mai jure fari. A Jos da kewayen Kaduna kuma Pinus caribaea yana yi, an daɗe ana shuka shi a gandun daji. Tsamiya ba a cika tunawa da ita ba, alhali ƙananan ganyenta da kaushin bawonta sun dace ƙwarai, kuma tana karɓar horo tun tana ƙarama, sai dai jinkiri. Ficus yana ba da siffar gajimare cikin shekara biyu zuwa uku, amma saiwarsa tana neman sokawe da bututun ruwa ta fasa. A bar shi a babbar tukunya ko a nisanta shi da gini.

Sotetsu, wato Cycas revoluta, ɗan asalin kudancin Japan ne, yana cikin lambun fadar Katsura da ke Kyoto, kuma yana son zafi. Dukkan jikinsa guba ne, musamman 'ya'yan, a kula da yara da dabbobi. Haka ma kariya, wadda kumburarren gindinta ke zama daram kusa da dutse a busasshen lambu: kyakkyawa ce, ruwanta dafi ne. A inuwa, dabinon ado na Rhapis ya daɗe a gidajen Japan kuma yana yi a nan. Gora a zaɓi mai tsiro a dunƙule, irin Bambusa multiplex. Gorar daji tamu ta fi jure fari amma tana zubar da ganye da rani.

Gansakuka ita ce abin da ya fi wuya a rabu da shi a zuciya. Lambun Saiho-ji da ke Kyoto yana da iri fiye da 120 saboda laimar da ba ta yankewa. Inda laimar iska ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a hunturu, ba za ta zauna ba. A rana a sa ciyawar Zoysia mai laushi, wadda ke yin tudu-tudu in ba a yanke ta ba. A inuwa a sa gajeren Ophiopogon mai kama da ciyawa, tsiro ɗaya duk santimita 10, wato kusan ɗari a murabba'in mita, ya rufe cikin shekara guda. A yi shi tsibiri-tsibiri kewaye da duwatsu, sauran filin tsakuwa, ruwan da za a kashe ya ragu da yawa.

Datsa ma lokacinta ya bambanta. A Japan sau ɗaya ko biyu ake yi a shekara. A nan shuka ba ta barci in tana samun ruwa, sai an bi ta duk mako huɗu zuwa shida da damina. Kada a yi babbar datsa a Maris ko Afrilu, rassan ciki da suka saba da inuwa za su ƙone. A jira ruwa ya zauna.

In za a je gani da ido

Kyoto ce makarantar tsari: yadda ake zaunar da dutse, yadda ake barin fili babu komai, yadda lambun Entsu-ji ya aro dutsen Hiei da ke nesa ya zama kamar nasa. Sakura tana fure daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, momiji yana ja a rabin Nuwamba na biyu, kuma a lokutan nan biyu cunkoso ya fi yawa, masauki ya fi tsada. Mai son koyo ya fi amfana da Yuni, lokacin ruwa, ko tsakiyar sanyi da ƙashin lambu ke fitowa fili. Saiho-ji sai an nemi izini tun kafin ranar, kuma al'adar wurin ita ce maziyarci ya zauna ya kwafi nassin addinin Buddha kafin ya shiga lambun; gara a sani tun daga gida.

Amma Kyoto ba za ta nuna abin da zai rayu a zafi ba. Don wannan, Shikina-en da ke Naha a tsibirin Okinawa ya fi amfani: lambun sarakunan Ryukyu ne, waɗanda suka mulki tsibirin a da, na 1799, yaƙin 1945 ya rusa shi aka sake ginawa, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2000. Da dutsen farar ƙasa na tsibirin da itatuwan wurin aka yi shi, ba a jira na Kyoto ba. Lambun Japan na Jurong a Singafo, wanda Nakane Kinsaku ya tsara a farkon shekarun 1970 aka sake buɗe shi a 2024 bayan gyara, darasi ne ga masu laima kamar Kumasi ko kudancin Kamaru, ba ga Sahel ba. Na Morikami a Delray Beach ta jihar Florida, aikin Hoichi Kurisu, ya jera salo shida na zamunna daban-daban a wuri ɗaya, ga kuma damina da rani a rarrabe, don haka ya fi kusa da yanayin Abuja. Mai zaune a Katsina, Maraɗi ko Injamena kuwa, wanda ya fi kama da halinsa shi ne Ro Ho En a Phoenix ta jihar Arizona, wanda aka yi da haɗin gwiwar birnin Himeji, a garin da zafi ke wuce digiri 40 kuma ruwan shekara yake wajen milimita 200. Masu zuwa Alƙahira karatu ko asibiti suna iya bin jirgin ƙasa na cikin gari zuwa Helwan, inda akwai lambun Japan da ya haura shekara ɗari, sai dai wurin shaƙatawa ne mai mutum-mutumi da yawa, ba wurin koyon tsari ba.

Ko'ina aka je, a isa da an buɗe ƙofa, a koma da tsakar rana a ga inda inuwa ta faɗa. A ɗauki hoton gindin dutse, bakin tafki, magudana da kan bututun ban-ruwa, a auna tazarar duwatsun takawa da tafin ƙafa, a rubuta sunan shuka daga allon da ke jikinta.

Ga wanda ke arewa da Zariya kuma ba shi da rijiyar kansa, zaɓin shi ne ƙaramin lungu mai inuwa, kashi biyu cikin uku tsakuwa, duwatsu uku ko biyar, bishiya ɗaya da tsibirin kore ɗaya ko biyu. Mai fili a Abuja, Kaduna ko Jos yana iya faɗaɗawa ya ƙara busasshen rafi da dunƙulallun shuke-shuke, ya bar tafki sai sola ta shekara tana aiki ba ta ba da kunya ba. Aikin dutse, magudana da katanga a yi shi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ƙasa a bushe. Dashe ya jira sai ruwa ya zauna, Mayu a Abuja da Jos, ƙarshen Yuni ko farkon Yuli a Kano da Yamai. Tsakuwar ado ita ce ta ƙarshe, bayan an ga inda ruwan sama biyu ko uku suka kwanta an gyara gangarar.